Sunan da muka zaɓa wa 'yarmu bai yi wa dangi ba

Wai ɗa na kowa ne, toh ban taɓa ganin inda maganar nan take fitowa fili ba kamar wajen zaɓen suna. Cikin naki ne, laulayin naki ne, kwanan zaune da ciwon baya duk ke kaɗai, amma da an taɓo maganar me za a sa wa yaro sai kiga kowa ya gyara zama, har wanda tunda kika samu cikin bai taɓa ɗaga waya yace miki ya jiki ba.

Mu dai ni da maigidana mun daɗe da tsayar da sunan 'yarmu tun kafin ta zo. Ba zan faɗi sunan a nan ba, don na san halinku, kuma yanzu za ku fara naku sharhin. Suna ne mai ma'ana mai kyau, ba baƙo ba ne can can, kawai dai babu mai shi a danginsa babu a nawa. Da ya faɗa wa mahaifiyarsa sai tayi shiru, can tace "toh, Allah ya raba lafiya", shikenan bata ƙara komai ba. Duk wadda ta zauna da suruka ta san irin wannan shirun. Kafin kace me waya ta fara shigowa, gwaggonsa tace wannan kuma wane irin suna ne, ƙanwarsa tace ita wallahi akwai wata mai sunan da suka yi makaranta tare bata jin magana ko kaɗan, kawuna yace shi bakinsa ba zai iya ba, ni kuma tawa uwar da nake tunanin zata tsaya min sai cewa tayi "ke dai kin cika son abu daban". A guruf ɗin WhatsApp na gida har wani ya turo jerin sunaye wai a zaɓa a ciki, kamar ana zaɓen shugaban ƙungiya.

Abun da na lura da shi bayan hayaniyar ta ɗan lafa shine duk suna cewa "sunan bai yi ba" amma ba magana ɗaya suke yi ba. Wasu kunnensu ne kawai bai saba ba, kuma wannan babu abun da za ki yi akai sai lokaci. Mai cewa ta san wata mai sunan marar kunya, toh wane suna ne a duniya da babu marar kunya mai shi? Irin waɗannan dariya kawai nake yi nace Allah ya shirya ta, mu wuce wajen.

Ta surukata kuwa daban ce, kuma ita ce ta fi cin raina don ina ganin girmanta sosai. Sai daga baya muka gane ashe ita tun ranar da taji ina da ciki ta saka a ranta idan mace ce sunan mahaifiyarta mai rasuwa za a sa. Bata taɓa faɗa ba, ta ɗauka abu ne da ɗanta zai sani da kansa. Kenan ita ba sunanmu take ƙi ba, ko wane suna muka kawo indai ba wancan ba ne shirun nan zata yi. Abun da kunnenta yaji shine an manta da uwarta, kuma ita kanta an fara ajiye ta gefe. Idan ki ka tsaya kina yi wa irin wannan mutum bayanin ma'anar suna da daɗinsa a baki, kina amsa tambayar da ba a yi miki ba ne.

Kuma wannan ba halin wani gida ɗaya ba ne ko wata al'umma ɗaya. A ƙasar Girka har yau da yawa suna sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, ƙin yin hakan yana iya jawo gaba ta shekaru. Yahudawan da asalinsu gabashin Turai ne ba sa sa wa jariri sunan wanda yake raye, sai mamaci, alhali 'yan uwansu da asalinsu Sifaniya ne su a wajensu girmamawa ce a sa sunan kaka tana raye tana gani. Ki duba idan waɗannan biyun suka auri juna, abun da ɓangare ɗaya ke gani karamci shi ɗaya ke gani kamar ana yi wa tsohuwa fatan mutuwa.

Rigimar ma tsohuwa ce. A Linjilar Luka an kawo yadda dangi da maƙwabta suka taru za su sa wa jariri sunan mahaifinsa Zakariya, uwar tace a'a Yahaya za a kira shi, suka ce ai babu mai wannan sunan a danginki, exactly maganar gwaggon maigidana kenan in banda bambancin zamani. Sai da uban, wanda a lokacin ba ya iya magana, ya karɓi allo ya rubuta sannan aka yi shiru. A Alƙur'ani kuma cikin Suratu Maryam aya ta 7 Allah da kansa ya faɗa cewa bai sanya wa kowa wannan sunan ba kafinsa. Don haka "ba a taɓa yi ba a gidanmu" ni dai bata taɓa zama hujja a wajena ba, duk sunan da ake taƙama da shi a dangi akwai ranar da wani ya fara sa shi.

Labarin da ya fi bani dariya na gidan sarautar Ingila ne. A 1819 da aka haifi yarinyar da ta zama Sarauniya Victoria, iyayenta sun shirya sunayensu, harda Georgiana da Charlotte da Augusta, sai wan mahaifinta Yarima George, wanda ke riƙon sarauta a lokacin kuma ba sa shiri da ƙanin nasa, ya soke su. A ƙarshe aka sa mata Alexandrina saboda Sarkin Rasha Alexander na ɗaya, aka liƙa Victoria a baya, sunan uwarta kenan Bajamushiya, wanda a kunnen mutanen Ingila na lokacin baƙon suna ne. Tana ƙarama Drina ake ce mata. Da ta hau gado a 1837 sai ta ajiye Alexandrina ɗin gaba ɗaya, ta yi mulki shekara 63 da sunan da aka saka a baya, yau ga tafki ga birane ga tashoshin jirgin ƙasa duk da sunan. Ko a 1930 an maimaita, iyayen Gimbiya Margaret sun so su kira ta Ann Margaret, kakanta Sarki George na biyar yace shi Ann bai masa ba, dole suka haƙura. Su nasu kakan sarki ne mai iko, namu kakannin dai sai fushi da shiru, toh da sauƙi.

Amma fa kar a ce na ce duk ƙorafin dangi shirme ne. A cikin duk masu surutu mutum ɗaya ya kawo magana mai kamawa, yayana. Shi bai ce sunan ba daɗi ba, cewa yayi yadda muke son rubuta shi zai wahalar da yarinyar, don mun so mu ƙara wasu haruffa wai don ya fita daban, yace ku tuna ita ce zata yi ta gyara wa malamai da ma'aikatan banki da na fasfo har tsufanta, satifiket ɗaya ya zo da rubutu daban an shiga zirga-zirga. Muka duba muka ga gaskiyarsa, muka mayar da rubutun yadda kowa ya sani. Ma'aunin da nake amfani da shi kenan tun daga lokacin, idan mutum yazo da ƙorafi sai na tambayi kaina, wannan maganar yarinyar take karewa ko kunnen mai maganar?

Ko ƙasashen da hukuma ke sa baki a suna, galibi da wannan ma'aunin suke aiki. Faransa tun 1993 ta sakar wa iyaye mara su zaɓi abun da suke so, sai dai idan sunan zai cutar da yaro, shi yasa wata kotu a garin Valenciennes ta hana wasu iyaye kiran 'yarsu Nutella, aka mayar da shi Ella. A New Zealand a 2008 alƙali ya karɓi ragamar wata yarinya 'yar shekara 9 na ɗan lokaci don kawai a canza mata wani dogon suna na barkwanci da iyayenta suka liƙa mata, yarinyar ko ƙawayenta bata iya faɗa wa sunanta don kunya. Manzon Allah (SAW) ma ya canza wa mutane sunaye, kamar 'yar Sayyidina Umar da ya mayar Jamila, kuma idan ki ka bi za ki ga ma'ana ake dubawa. Hukuma ma tana wuce gona da iri wani lokacin, a Iceland da suke da kwamitin suna tun 1991 akwai yarinyar da ta kai shekara 15 takardunta na hukuma "yarinya" kawai aka rubuta a gurbin suna saboda kwamiti ya ƙi wanda uwarta ta zaɓa, sai a 2013 kotu ta bata gaskiya.

Yadda muka yi da surukata kuwa, ni ban shiga ba sam. Na gaya wa maigidana uwarka ce kai zaka je, ni zan ji da nawa ɓangaren, don maganar da ɗa zai faɗa wa uwarsa ta wuce, idan matar ɗa ta faɗa sai ta shekara ana juya ta. Kuma na roƙe shi abu ɗaya, kar ya kuskura yace "ita ce take so". Maza da yawa nan suke kwafsawa, garin neman tsira a wajen uwa sai su jefa matar a ciki, daga nan kuma duk sanda aka kira sunan yaron sai tsohuwa ta tuna an ƙwace mata ɗa. Ya je shi kaɗai ya zauna a ƙasa kusa da ita yace "Mama, ban san kin saka rai da sunan Inna ba, da na sani da tun farko nazo mun yi maganar, ki yi haƙuri. Amma wannan sunan ni na zaɓa tare da ita kuma raina ya kwanta da shi, ina so ki sa mana albarka." Yace ta daɗe bata ce komai ba, sannan ta fara bashi labarin mahaifiyar tata, abubuwan da shi kansa bai taɓa ji ba, ya zauna ya saurara har dare. Bata ce ta yarda ba ranar, bamu kuma matsa sai ta faɗa ba.

Wasu sun bamu shawarar mu haɗa biyu, namu a gaba nata a baya. Dabara ce mai kyau kuma na ga gidajen da ta yi wa aiki, mu dai bamu yi ba, don na san a gidan wanda ke bayan shi zai dawo gaba, kuma bana son in riƙa jin haushin sunan baiwar Allah da bata min komai ba. Idan za ki yi irin wannan sulhun ki tabbata har zuciyarki kin yarda, ba wai don a daina kiranki a waya ba.

Yanzu surukata wani suna na daban take kiran yarinyar da shi, na shagwaɓa, ita kaɗai ke kiranta haka kuma yarinyar na amsawa da gudu. Ban hana ba, kaka tana da wannan haƙƙin. Inda na ja layi wajen gwaggo ne, ranar da tace a gaban yarinyar wai iyayenki sun cuce ki da suna. Na bari sai da muka keɓe nace "Gwaggo don Allah duk abun da za ki faɗa akan sunan nan ki faɗa min ni, kar ki ƙara faɗa a gabanta, ta fara gane magana." Taji haushi, ta kwana biyu bata amsa gaisuwata da kyau, amma bata sake ba.

Ƙawata da ke da ciki yanzu tace ita ba wanda zai ji suna sai an haihu an yi rajista, wai mutane basa iya kushe suna idan ga jaririn a hannunsu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ga 'yan sharhi irin su ƙanwar miji hakan ya dace da su. Amma nace mata iyaye ta cire su daga wannan lissafin, ta sa mijinta ya je ya bugi cikin mahaifiyarsa tun yanzu ko akwai sunan da ta ajiye a rai, ita ma ta tambayi nata. Tace idan kuma akwai fa, nace toh gara ki sani da sauran wata huɗu a gabanki da ki sani kina kwance a gadon asibiti da ɗinki.