Yadda shafi ɗaya ya jawo aka rufe mini shafuka 11

Sana'ata ita ce gina shafukan intanet ga ƙananan 'yan kasuwa da makarantu masu zaman kansu a Kano, kuma kamar yawancin masu wannan sana'a, ba ni da sabar ta kaina. Haya nake karɓa a wajen wani kamfanin masauki, wato mai ajiye shafukan mutane a kan manyan kwamfutocinsa da ke ƙasar waje. Ranar da na buɗe asusun, an nuna mini doguwar takarda ta ƙa'idojin amfani da wurin, na danna alamar amincewa ba tare da na karanta ko layi ɗaya ba, domin a lokacin na ɗauka rubutu ne irin wanda lauyoyi ke cika shafi da shi don kare kamfani kawai. Saboda neman sauƙin kuɗi kuma, sai na tara shafukan dukkan waɗanda nake yi wa aiki a cikin asusu guda.

Wata safiyar Litinin shugaban wata makaranta ya kira ni, ya ce iyaye suna ƙoƙarin duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu, amma ba abin da suke gani sai sanarwar cewa an dakatar da asusun. Kafin in gama duba nasa, wasu mutum biyu sun kira da ƙorafi iri ɗaya. Dukkan shafukan sun tsaya cak. Da na bincika, sai na tarar kamfanin ya aiko da gargaɗi tun daren Juma'a, ya ba ni sa'o'i 24 in cire wani shafin damfara da aka gano a ƙarƙashin asusuna, amma gargaɗin ya tafi wani tsohon adireshin imel da na yi rajista da shi, wanda na daɗe da daina dubawa. Wa'adin ya ƙare ban ma san an ba ni shi ba.

Asalin matsalar daga gare ni take. Watanni kafin nan, na sa wa shafin wani mai sayar da kayan gini wata ƙirar WordPress (manhajar da ake gina shafuka da ita) da ake sayarwa da dala, amma ni na sauke ta kyauta daga ɗaya daga cikin wuraren nan da ke raba manhajojin da aka fasa. A cikinta an ɓoye wata ƙofa da ke bai wa wanda ya dasa ta damar shiga ya ajiye abin da ya ga dama. Abin da suka ajiye shi ne shafi mai kama da shafin shiga na wani banki a Turai, a can cikin jakar da hotuna ke zama, inda ba mai kallo. Suna tura wa mutane saƙo da mahaɗin shafin, duk wanda ya rubuta lambar sirrinsa sai ta faɗa hannunsu.

Amsar da na fara rubuta wa kamfanin cike take da fushi. Na ce ban san da shafin ba, ban kafa shi ba, kuma zalunci ne a hukunta mutum 11 saboda aikin ɓarayin da ba mu san su ba. Ma'aikacin da ya amsa mini bai yi jayayya ba, ya kwafo mini sakin layi ɗaya daga takardar da na amince da ita, wanda ke cewa mai asusu shi ke da alhakin duk abin da aka ajiye ko aka aika daga asusunsa, ko da saninsa ko babu, kuma tsaron manhajojin da ya ɗora yana wuyansa. A daren nan na zauna na karanta takardar daga farko har ƙarshe. A ciki na ci karo da wani sashe da ya ce zagin ma'aikata ko yi musu barazana dalili ne da zai iya sa a rufe asusu gaba ɗaya, sai na koma na sake karanta saƙon da na aika da rana, na gode wa Allah da ya tsaya a faɗa bai kai ga zagi ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in fahimta shi ne dalilin tsananin. Irin masaukin da yawancinmu ke saye gidan haya ne mai ɗakuna da yawa: sabar ɗaya ce ke ɗauke da shafukan mutane masu tarin yawa, suna raba ƙarfin na'ura ɗaya, kuma sau da yawa suna fita duniya da adireshin IP ɗaya, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Akwai ƙungiyoyi irin su Spamhaus da ke tattara sunayen adiresoshin da ake aiko da saƙonnin shara ko damfara daga gare su, kuma masu kula da akwatunan imel a duniya suna duba waɗannan jerin kafin su karɓi saƙo. Idan adireshin sabar ya shiga jerin, to wasiƙar wani likita ko ɗan kasuwa da bai taɓa jin sunana ba, za ta fara dawowa ko ta faɗa cikin shara, don kawai muna zaune a gida ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a wannan karon ni ne waken. Haka nan Google yana da tsarin da ke sa burauzar Chrome ta nuna jan shafi na gargaɗi ga duk mai shirin shiga wurin da aka kama da damfara. Mai kayan ginin ya sha wannan, domin ko bayan an buɗe mana asusu sai da na nemi a sake duba shafinsa kafin jan gargaɗin ya gushe.

Gyaran ya ci mini kwana uku. Na goge ƙirar da aka fasa, na sayi ta gaskiya, na sake ɗora WordPress sabo a kowane shafi, na canza dukkan kalmomin sirri, sannan na raba shafukan kowa da asusunsa, ta yadda ɓarnar ɗaya ba za ta tsallaka zuwa ɗaya ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tuna cewa sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu suna zaune a asusu ɗaya da wannan ƙofa ta ɓarayi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar da ke kula da wannan fanni cikin sa'o'i 72 idan aka sami kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Na je na yi wa shugaban makarantar bayanin komai baki da baki, domin amanar tasa ce kafin ta zama tawa.

Ba a daɗe ba aka gwada ni da abin da na karanta. Wani Alhaji mai kamfanin tafiye-tafiye ya kira ni ofishinsa, ya nuna mini dubban adiresoshin imel da wani ya sayar masa, yana so a riƙa tura musu tallar tikiti daga adireshin shafinsa. Na ce masa, "Alhaji, waɗannan mutane ba su ba ka izini ba, kuma idan muka tura, to kafin mako ya zagayo ko rasit ɗin da kake aika wa abokan cinikinka na gaskiya ba zai isa ba." Ya ce ai talla ba laifi ba ce. Na yarda da shi a kan haka, amma na nuna masa cewa takardar masaukin ta haramta aika saƙo da yawa ga wanda bai nema ba, ta kuma ƙayyade adadin da asusu zai iya aikawa a sa'a guda. Dokar Amurka ta 2003 kan saƙonnin talla ta wajabta a bai wa mai karɓa hanyar cewa a daina aiko masa, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta ambaci shafukan damfara da saƙonnin shara a cikin laifuka, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa ga masu aika saƙo da yawa. Daga ƙarshe muka sa fom a shafinsa, wanda yake so ya rubuta adireshinsa da kansa. Jerin ya fito ƙarami, amma mutanen cikinsa suna buɗe saƙon.

Kalmar "ba iyaka" da ake tallata wurin ajiya da ita ma tana da sharaɗi a takardar: wurin na fayilolin shafi ne, ba rumbun adana bidiyon biki ko tsofaffin takardun ofis ba.

Aikin da na fi ƙi kuwa shi ne na samarin da ke zuwa a gina musu shafin sauke finafinan Hausa da waƙoƙi kyauta. Idan sabar tana Amurka, dokar haƙƙin mallaka ta 1998 da aka fi sani da DMCA ta tanadi cewa kamfanin masauki zai tsira daga ƙara ne idan ya gaggauta cire abin da mai haƙƙi ya kawo ƙorafi a kansa, don haka ba ya tsayawa sauraron uzuri, kuma mai maimaita laifin rufe masa asusu ake yi. Ko da babu wannan doka, ban ga yadda zan ci abinci da gumin mutanen da suka zuba kuɗinsu da lokacinsu a aiki ba, musamman bayan na ga inda ƙirar sata ta kai ni.

Ba duk abin da ke takardar nake ganin adalci ne ba. Sashen da ya bai wa kamfani ikon dakatar da asusu ba tare da sanarwa ba, haɗe da wanda ya ce ba ya ɗaukar alhakin bayanan da suka ɓace, sun jingina nauyin duka a kan ƙaramin mai haya, wanda ba shi da bakin yin ciniki a kan sharuɗɗan. Tunda ba zan iya canza su ba, sai na riƙa ajiye kwafin kowane shafi duk mako a wani wuri da ba na kamfanin ba, na kuma mayar da adireshin gargaɗi zuwa imel ɗin da ke shigowa wayata.

Yanzu duk wanda zan gina wa shafi, ina ba shi takarda mai shafi ɗaya da na rubuta da Hausa, wadda ta taƙaita abin da masaukin ya hana: saƙon talla ga wanda bai nema ba, kayan da ba shi da haƙƙinsu, manhajar da aka fasa, da bai wa kowa kalmar sirri. Ina karanta masa a gabansa, ya sa hannu, in riƙe kwafi ɗaya. Wani mai shagon waya ya saurara har ƙarshe, ya ce sharuɗɗan sun yi masa yawa, ya tafi wajen wani. Shugaban makarantar nan kuwa ya nemi in ƙara masa kwafi biyu, ɗaya na malamin kwamfuta, ɗaya na akawun da ke shigar da sakamakon ɗalibai.