Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littattafan rijistar masaukin Kawu

A makon jiya na tsaya ne a inda aka kafe sunayenmu a allon sanarwa, aka haɗa kowane ɗalibin shekarar ƙarshe da malamin da zai duba aikin bincikensa, wanda mu ɗalibai muke kira furojet. Darasin hanyoyin bincike da ƙididdiga shi ne wanda 'yan sashenmu na kula da otal da hidimar baƙi suka fi gudu, domin yawancinmu mun shigo ne da tunanin girki da gyaran ɗaki da tarbar baƙi, ba mu yi zaton lissafin da muka baro a sakandare zai biyo sawunmu ba. Na kai wa malamina batu a kan manyan otal-otal na birnin Kano, ya karanta, ya ɗago kai ya tambaye ni ko akwai manajan da zai buɗe mini littafin kuɗinsa a can. Da na yi shiru, sai ya tambayi sana'ar gidanmu, na gaya masa cewa ƙanin mahaifiyata yana da ƙaramin masaukin baƙi a Maigatari. Ya ce, "To, me kake nema a birni? Ka koma wurin kawunka, bincike yana farawa ne daga inda za a bar ka ka ga takarda."

Wanda bai san Maigatari ba, gari ne na kan iyakar Jigawa da Jamhuriyar Nijar, arewa da Gumel, kuma rayuwarsa ta rataya ne a kan kasuwar Alhamis, inda ake kawo shanu da raƙuma da dawakai da tumaki da awaki. Tun ranar Laraba fatake da dillalai da direbobin tirela suke fara sauka, zuwa Juma'a da hantsi kuwa gari ya koma hannun masu shi. Na taso ina ganin haka, amma ban taɓa ɗaukarsa abin da za a rubuta a jadawali ba.

Kawu ya karɓe ni da fara'a, sai dai da na ambaci rijista ya ɗan yi jim, ya ce, "Ɗana, ba dai masu haraji ne suka aiko ka ba?" Sai da na nuna masa takardar makaranta, na kuma yi alkawarin cewa sunan masaukin da na baƙinsa ba za su fito a aikin ba, sannan ya sa aka ɗauko littattafan daga cikin wata adaka. Littattafai ne masu kwalin bango, irin na rubuta bashi a kanti, an ja musu layi da hannu: kwanan wata, suna, gari, lambar ɗaki, kuɗi. Wani shafi da biro, wani da fensir, wani kuma Baba maigadi ne ya cike shi da ajami a daren da yaron kanta bai zo ba. Shafukan Laraba sun yi duhu da rubutu har gefe, na Lahadi da Litinin kuwa layi biyu ne ko uku, sauran fari fat.

Ma'aunin farko da ake koya wa ɗalibin otal shi ne yawan cikar ɗakuna, wato a raba ɗakunan da aka kama da ɗakunan da ake da su. Malam yakan ba mu misali a aji, kuma sai da na zauna gaban littattafan Kawu na gane hikimarsa. A ce masauki yana da ɗaki 20, a mako ke nan yana da kwanan ɗaki 140 na sayarwa. Idan ya cika maƙil a dare 2, an sayar da 40, idan kuma ɗaki 4 kawai ake kamawa a sauran dare 5, an sayar da 20, jimla 60. A raba 60 da 140, za a samu kusan kashi 43 cikin 100. Lissafin daidai ne, amma babu dare ko ɗaya a makon da masaukin ya kasance a kashi 43, ko dai yana 100 ko yana 20. Wanda ya dogara da wannan matsakaici ya ɗauki ma'aikata ko ya sayi ruwa da man janareto, zai yi asara a dare biyar, ya ji kunya a dare biyu. Shi ya sa aka koya mana mu duba adadin tsakiya, wanda ake samu idan an jera alƙaluma daga ƙarami zuwa babba, a misalin nan shi ne 4, sannan mu duba yadda alƙaluman suka warwatsu. A ganina, rabin abin da mai masauki a ƙauye yake bukata daga ilimin ƙididdiga ya ƙare a nan: ya raba kwanakinsa gida-gida kafin ya haɗa su.

Na kwafe rijistar a kwamfutar wani abokina, a manhajar Excel, kowane dare da layinsa. Da na jera watanni, sai na ga wani tudu na yawan baƙi yana tafiya baya kowace shekara, kuma Baba maigadi ne ya warware mini shi ba tare da ya kalli kwamfutar ba, ya ce ai kasuwar raguna ce. Babbar Sallah ta faɗo ranar 11 ga Agusta a 2019, ta dawo 28 ga Yuni a 2023, sannan 16 ga Yuni a 2024, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Littattafan da muka karanta a makaranta suna kwatanta Yulin bana da Yulin bara, saboda an rubuta su ne don ƙasashen da hutun bazara da Kirsimeti suke tsaye wuri guda. A Maigatari kuwa, kwatanta Yuli da Yuli kwatanta abu biyu ne mabambanta. Na ƙara layi na watannin Musulunci, na kwatanta Zulƙida da Zulƙida, nan take tudun ya tsaya a wurinsa.

Akwai kuma ramuka biyu a cikin rijistar waɗanda ba su da alaƙa da wata ko damina. Na farko ya fara a Agustan 2019, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, har zuwa 16 ga Disamban 2020 da aka buɗe guda huɗu, wato Seme da Illela da Mfum da Maigatari. Na biyu ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sake rufe iyakar sai a Maris na 2024. Kawu ya daɗe yana gaya wa mutane cewa sola da ya sa ce ta dawo masa da baƙi, kuma gaskiya ne baƙi sun ƙaru bayan ya sa ta. Sai dai ya sa ta ne dab da buɗe iyaka na farko. Malam ya sha nanata mana cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya, kuma hanyar rarrabewa ita ce a nemi inda ɗaya ya faru babu ɗayan. Na zagaya wasu masaukai da ba su sa sola ba, masu su suka tabbatar mini su ma a lokacin ne baƙinsu suka dawo. Na gaya wa Kawu haka cikin ladabi, ya yi dariya ya ce, "Kai da bokonka kuna so ku raba ni da alfaharina." Bai yarda gaba ɗaya ba, ni ma ban ce solar ba ta da amfani ba, abin da na ce shi ne rijistar ba ta isa shaida a kanta ba.

Rijista tana faɗin wanda ya zo, ba ta faɗin dalili, don haka aka zo kan takardar tambayoyi. Kusan kowane furojet a kwalejojinmu yana ɗauke da dabarar Taro Yamane ta 1967 ta fitar da yawan mutanen da za a tambaya. Idan mutane 400 ne, kuma an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, ana ninka 0.05 da kansa a samu 0.0025, a ninka da 400 a samu 1, a ƙara 1 ya zama 2, a raba 400 gida 2, amsa 200. Ɗalibai suna son wannan lissafi domin yana cika shafi kuma yana da kwarjini a gaban masu jarrabawa, amma kaɗan ne suke kula da sharaɗinsa, wato dole ne kowa a cikin 400 ɗin ya kasance yana da dama iri ɗaya ta faɗowa cikin waɗanda aka zaɓa. Wanda ya raba takardu 200 ga abokansa da duk wanda ya yi masa murmushi, lissafin Yamane bai wanke shi ba. Ni na bi rijistar kowane dare, ina ɗaukar kowane suna na uku, ko mai shi yana da sakin fuska ko ba shi da shi.

Tambayoyin farko na tsara su ne a kan ma'aunin Likert, wanda Rensis Likert ya fito da shi a Amurka a 1932, mai matakai 5 daga rashin gamsuwa ƙwarai zuwa gamsuwa ƙwarai. Malam ya ce in gwada su a kan mutane kaɗan kafin in buga da yawa, kuma gwajin ya yi aikinsa. Kusan kowa ya ce ya gamsu. Na zauna da wani dattijo bafatake a kan tabarma bayan sallar isha'i, na tambaye shi yadda ya ga ruwan wanka, ya ce, "Alhamdulillahi, yaro, babu laifi." Da asuba na gan shi da idona yana tsaye a ƙofar masauki da buta, yana cinikin jarka da mai kurar ruwa, domin tankin ya ƙafe tun tsakar dare. Dattijon bai yi ƙarya ba, kara ya yi, domin mutumin kirki ba ya kushe gidan da ya kwana, balle a gaban ɗan 'yar'uwar mai gidan. Ma'aunin da aka gina a kan cewa baƙo zai faɗi ɓacin ransa kai tsaye, a wurinmu kunyar mutane yake aunawa.

Na koma wa Malam da wannan, ya ce in daina tambayar mutane abin da suke ji, in tambaye su abin da suka yi. Sabbin tambayoyin suka zama irin su: a ina ka kwana a zuwanka na baya, me ka fita nema waje tun da ka sauka, a ina ka yi cajin wayarka, wa ka ba ajiyar kuɗinka. Da baki nake yin su ina cikewa da kaina, domin wasu baƙin ajami suke karantawa, wasu Faransanci suka yi a makaranta, wasu kuma da Fulatanci ko Barbarci suka fi sakewa. Ba na tambayar suna, ba na tambayar yawan dabbobi ko kuɗi, domin mai tafiya da dukiya a jikinsa yana da hujjar tsoron baƙuwar fuska mai biro da takarda.

Sauran aikin shi ne waɗanda ba sa cikin rijista kwata-kwata. Fatake da yawa ba sa sauka a masaukin kuɗi, gidan fatoma suke zuwa, wanda yake ba su wurin kwana da abinci, ya tsaya musu a ciniki, ya samu la'adarsa. Wasu a rumfunan kara suke kwana kusa da dabbobinsu, direbobi kuma a cikin motocinsu. Idan na tambayi baƙin Kawu kaɗai, na tambayi waɗanda suka riga suka zaɓe shi ne, alhali abin da yake son sani shi ne dalilin waɗanda ba su zo ba. Na roƙi wani fatoma, abokin Kawu, ya bar ni in zauna a zaurensa a daren Laraba, kuma a can na fi jin magana. Mutanensa ba su ambaci katifa ko talabijin ba, zancensu amana ne: wanda zai riƙe musu kuɗi, wanda zai san su idan rigima ta taso a kasuwar dabbobi, wanda zai tashe su kafin a fara lodi.

Kawu yana da niyyar sayen talabijin a kowane ɗaki da kuɗin da ya tara. Na zauna da shi bayan la'asar, na shimfiɗa masa abin da ya fi maimaituwa a amsoshin: ruwa da asubar Alhamis, wurin cajin waya, da akwatin ajiya mai makulli wanda za a riƙa ba da rasit a kansa. Na kuma nuna masa cewa ƙarin hannu yake bukata a dare biyu, ba albashin wata na mutum biyu ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce tanki na biyu zai fara saya, maganar akwati kuma sai ya yi shawara, domin riƙon dukiyar mutane ba abin wasa ba ne, kuma ba ya son ya shiga gonar abokinsa fatoma. Talabijin ɗaya dai ya saya ya kafa a zaure.

Na koma makaranta da jadawalai da littafin amsoshi, na tarar an sa ranar da za mu tsaya gaban malamai mu kare ayyukanmu, kuma a cikinsu akwai wanda ba ya yarda da furojet ɗin da babu gwajin hasashe a babi na huɗu, wato lissafin da ake yi don a ga ko alƙaluma sun gaskata abin da ɗalibi ya yi zato. Yadda muka kwashe da shi, da abin da ya faru da littafin rijista guda da na taho da shi, sai a kashi na gaba, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.