Kwabon da ake ƙerawa don ya bar gida

Shagona yana gefen titin Bauchi a nan Jos, ni da yara huɗu. Aikinmu zubin ƙarfe ne da sassaƙa shi: lambobin yabo na makarantu, bajo na ƙungiyoyi, maƙalin makulli na rabon biki, da allunan tagulla da ake kafawa a bango ranar buɗe gini. Mahaifina maƙerin fari ne, zobba da warwaro ya yi ta yi da gawayi da zuga-zugi har Allah Ya karɓi abinsa. Ni na ƙara da injin sassaƙa da kwamfuta, amma magagarinsa har yau tana kan teburina.

Bara da kaka wani malamin safiyo da muke yi wa aiki ya shigo, ya ajiye mini wani kwabo a tafin hannu. Ya fi tsohuwar sule faɗi da nauyi sosai, an cike zanensa da launi mai santsi kamar tangaram, a gefensa kuma an buga wasu haruffa da lambobi. Ya ce daga Jamus aka kawo masa. Na ce, "Malam, kuɗin wace ƙasa ne wannan?" Ya ce, "Maigida, ba ya sayen ko ashana. Matafiyi ne." Sannan ya tambaye ni ko zan iya yi masa hamsin irinsa, amma na Jos.

A ranar na fara jin labarin wasan da ake kira geocaching, wanda mu a shago muka raɗa wa ɓoyon taska. Mutum zai ɓoye ɗan akwati a kogon dutse ko gindin bishiya, ya sa takardar rubuta suna a ciki, ya ɗauki lambobin wurin da GPS ya sa a intanet. Wani ya bi lambobin da wayarsa har ya gano, ya rubuta sunansa, in ya ɗauki abu ya ajiye wani a madadinsa. Shi wannan kwabo ba a riƙe shi. Wanda ya tsince shi zai shigar da lambar da ke jikinsa a shafin Geocaching.com, ya kai shi wani akwatin, mai shi kuma yana zaune a gida yana kallon garuruwan da ya ratsa. Wani Ba'amurke mai suna Jon Stanley ne ya fara yin irinsa a watan Satumba na 2001.

Ba na zana abin da ban fahimta ba, don haka na sa malamin ya zauna ya ba ni tarihin, sauran kuma na bi na karanta. Abin ya faro ne a 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Sputnik. Wasu masana biyu a jami'ar Johns Hopkins, William Guier da George Weiffenbach, suna sauraron ƙarar da yake aikowa, suka lura tana sauyawa in yana matsowa da in yana nisa, kamar yadda hon ɗin tirela ke sauya murya in ta wuce ka a hanyar Zariya. Da wannan suka gano inda yake a sama. Sai aka juya lissafin: in ka san inda tauraron yake, ai za ka san inda kai kake. Daga nan aka samu Transit, tsarin gano wuri da taurarin ɗan'adam na sojan ruwan Amurka, wanda aka buɗe wa jiragen ruwan farar hula a 1967. GPS kansa an fara shirinsa a 1973, tauraronsa na farko ya tashi a 1978, ya kammala da taurari 24 a 1995.

Abin da ya fi kama ni shi ne ashe duk maganar agogo ce. Taurarin suna can wajen kilomita 20,200 a sama, kowanne yana faɗin inda yake da ƙarfe nawa ne a wurinsa. Wayarka takan saurari huɗu aƙalla, ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne, ta fitar da inda kake tsaye. In agogon ya kuskure da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an jefa ka mita 300 daga inda kake. Ni da nake faɗa da yara a kan rabin milimita, wannan ya sa na daɗe ina jinjina kai.

Kuma da farko kayan soja ne. A ranar 1 ga Satumba 1983 jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce hanya ya shiga sararin Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan haka ne Shugaba Reagan ya ce za a bar farar hula su yi amfani da GPS. Duk da haka an riƙa gurɓata saƙon da gangan, har ya kan kuskure da kusan mita 100, sai a farkon Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Ranar 3 ga watan wani mutum, Dave Ulmer, ya binne baƙin bokiti a kusa da Beavercreek a jihar Oregon don ya gwada ko za a same shi da lambobi kawai. Aka same shi. Wasan ke nan.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne kada mu kwaikwayi na Jamus. In kwabo zai je hannun wanda bai taɓa jin sunan Filato ba, to ya kamata ya yi magana da bakinmu. Shi ya sa na ce da kuza za mu zuba shi. Garin nan a kan kuza ya ginu, ramukan haƙarta suna nan cike da ruwa daga Bukur har Barikin Ladi, kuma wajen haƙar ta ne aka tono kawunan yumɓu na Nok. Ga sauƙin aiki: tana narkewa a digiri 232, tagulla kuwa sai ta haura 900. Aibinta taushi, sai an gauraya ta da ɗan jan ƙarfe kafin ta jure yawon aljihu da jaka.

Zane uku na fitar. Na farko na ɗauko shi daga anini da kwabon zamanin Turawa, masu huda a tsakiya, waɗanda kakanninmu ke zurawa a zare. Na bar hudar a matsayin duniya, na kewaye ta da zobba shida, don taurarin GPS a kan hanyoyi shida aka jera su, na ɗiga ɗigo huɗu a kan kowane zobe. Na biyu shi ne wanda zuciyata ta fi so. Fuska ɗaya madugu ne a gaban ayari, sama da shi ga Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, ɗaya fuskar kuma Dutsen Riyom da lambobin wurinsa. Fatake sun kai Gwanja sun dawo da goro ba tare da na'ura ba, kuma ina so wanda ya juya kwabon ya ga cewa neman hanya da kallon sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Na uku jerin shekaru ne, 1957 da 1978 da 2000. Malamin ya so a ƙara 1983 da hoton jirgi. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, ba zan zana jirgin da mutane suka mutu a ciki a kan abin wasa ba." Muka daidaita a kan shekarar kaɗai, ba hoto.

Zubin farko ya ba ni wahala. Na sa lambar shaida a cikin mazubin roba tare da zanen, sai da muka goge muka sa sheƙi na ga 8 ta koma kamar B, 3 kuma ta kusa ɓacewa. Kwabon da ba a karanta lambarsa ya mutu tun bai fita ba. Guda 20 na mayar cikin tukunya. Yanzu sai an gama guga da launi sannan mu sassaƙa lambar da inji, ɗaya bayan ɗaya, yaro ɗaya na karantawa da ƙarfi, wani na duba takarda. Lambobin ma ba mu ke ƙirƙira su ba, saye ake yi daga Groundspeak, kamfanin da ke da shafin Geocaching.com, a Seattle, kuma da dala, wanda shi ya fi komai ɗaga kuɗin aikin.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin kowa sai wanda ya zauna a Jos. Garin da ya ga tashin bam ba a ɓoye akwati a cikinsa haka kawai. Na faɗa wa malamin da ɗalibansa ba hannuna a duk abin da za a ajiye kusa da kasuwa, tasha, masallaci ko coci. Roba mai haske da ake ganin cikinta, a rubuta abin da take a jiki da Hausa da Turanci, kuma sai mai unguwa da mai gonar sun sani. A duwatsun Shere haka aka yi. Dattijon da aka nemi izininsa ya juya kwabon madugu a hannunsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, in wani ya ɗauka bai mayar ba fa?" Na ce, "Baba, yakan faru, amana ce kawai ke tafiyar da shi." Ya ce to a bar masa ɗaya ya ajiye, sauran su tafi.

Hamsin ɗin sun fita tun kafin azumi. Ƙaramin yarona, wanda ya sassaƙa yawancin lambobin, kullum da safe kafin ya kunna wuta sai ya ari wayata ya duba inda suka kai. Yawancinsu suna nan cikin Filato, biyu sun isa Abuja, ɗaya kuma wata malamar asibiti ta tafi da shi Nairobi. Yanzu muna kan mazubin zane na huɗu, na ruwan Assop, kuma har yau ban samu shuɗin da ya yi mini kama da ruwan ba.