Filayar da nake sa yarana su fara saya

Duk yaron da aka kawo mini koyon wayarin, abin da nake fara cewa ya saya shi ne filayar fere waya, irin mai ramuka jere a bakinta. Wasu abokan sana'a suna ganin ɓarnar kuɗi ce, tunda ga reza, ga tsohuwar filaya. Gaskiya ne, da reza aka koya wa yawancinmu. Amma ni ina buɗe soket ɗin da ya ƙone a gidajen mutane, kuma ina ganin abin da reza take bari a baya.

In ka zagaye roba da reza, da wuya bakinta bai taɓa jan ƙarfen ba. Ɗan zane ne kawai, sai ka kai waya kusa da ido za ka gan shi yana ƙyalli. To, a daidai wurin nan waya ta yi rauni. Kana lanƙwasa ta za ka tura cikin akwatin bango, a nan za ta tsage. In mai silli-silli ce, irin ta fanka ko ta sola, sai ka ga silli uku ko huɗu sun bi robar sun faɗi ƙasa. Sauran su za su ɗauki duk lodin, su yi zafi, robar ta yi baƙi. Maigida ya ɗora wa masu ba da wuta laifi, alhali tun ranar aiki aka shuka matsalar.

Filaya mai ramuka robar kaɗai take yanka. Ka sa waya a ramin da ya yi daidai da kaurinta, ka matse, ka ja, robar ta zame, jan ƙarfen ya fito sumul. A ma'aunin kaurin waya na mm, wayar fitila 1.5 ce, ta soket 2.5, ta AC da hita yawanci 4, kowace da raminta. A can ciki akwai wuƙar yanka, bakin kuma yana kama waya ya murɗe ta. Yankanta mai tsabta har wani amfani yake mini: ina duba kan wayar da na yanke, in cikinta fari ne, na san alminiyom aka yi wa rufin jan ƙarfe, sai in ce wa mai aiki ya mayar da ita.

Wajen saye, a duba lambobin da ke jikin ramukan. Da yawa daga waɗanda ake kawowa ma'aunin Amurka ne, AWG, kuma nasu a juye yake, lamba tana girma waya tana sirancewa. Lamba 14 tasu ba ta kai 2.5 ɗinmu ba, 12 kuma ta wuce ta. Yaron da bai san haka ba zai danna 2.5 a ramin 14 ya ji wa wayar ciwon da muke gudu. Shi ya sa nake ce musu su nemi mai rubutun mm.

Sai maganar mariƙin filayar, wadda ta fi damuna. Roba ja da rawaya ba ita ce kariya ba. Wadda aka gwada don aikin wuta za ka ga an buga mata 1000V a jiki, sau da yawa har da tambarin VDE, masu gwada kayan wuta na Jamus, irin yadda na kamfanin Knipex suke zuwa. Ko da ita a hannunka, wutarmu 230V ce, tana kisa. A kashe daga babban makunni, a taɓa da testa, kuma a tuna da janareta da inbata, don suna iya dawo da wuta ta baya.

Ba na barin a yanka ƙusa ko wayar ɗaurin rodi da ita. Sau ɗaya ya isa bakin ya yi giɓi, daga nan sai ta riƙa tauna waya maimakon yankewa. Kebur mai kauri, daga 16 zuwa sama, shi ma almakashinsa daban ne.