Kwana shida a doron duwatsun Simiyan

Tun tasowata, hawan dutse a wurina aikin yamma guda ne. Ka hau Dala bayan la'asar, ka ƙare wa birni kallo, ka sauko kafin a kira magariba. Shi ya sa da abokina, wani ɗan Damagaram da ke aiki a Addis Ababa, ya ce mu je Simiyan, wani gandun daji a arewacin Habasha, mu yi kwana shida a kan duwatsu, na tambaye shi wane irin dutse ne ake kwana shida ba a kai kansa ba. Ya ce, "Malam, ba dutse ɗaya ba ne. Hanya ce a kan duwatsu. Ka hau wannan, ka sauka, ka hau na gaba, har ka ƙure su."

A watan Nuwamba muka tafi, damina ta ɗauke ke nan, ciyawa ba ta gama bushewa ba. Daga birnin Gondar mota ta kai mu Debark, tafiyar kusan kilomita 100 zuwa arewa. Garin kansa yana zaune a sama da mita 2,800, wato tun kafin mu ɗaga ƙafa mun riga mun haura Chappal Waddi na Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. A ofishin gandun muka rubuta sunayenmu, aka haɗa mu da ɗan rakiya mai bindiga, domin doka ba ta yarda baƙo ya shiga shi kaɗai ba. Dattijo ne siriri, da takalmin roba da gwadon auduga mai kauri da suke kira gabi, ga tsohuwar bindiga a kafaɗa. Ba ya jin Turanci, mu ba ma jin Amharik. Na kira shi Baba, ya amsa, sunan ya bi shi har muka rabu. Sai mai dafa abinci, da yaro mai kora alfadarai biyu da suka ɗauki tanti da buhun kayan abinci.

Rabin sa'a da fara tafiya, ƙasa ta ƙare. Muna tafe cikin ciyawa a fili mai ɗan tudu, irin wanda za ka gani a Filato, kawai sai ga gaɓa, daga nan babu komai sai iska. A wasu wuraren zurfin ya haura mita 1,000, a miƙe kamar bango. Can ƙasa wasu duwatsun ne masu tsini, jere-jere har iyakar gani, da ƙauyukan da rufinsu bai fi ƙwayar gero ba a ido. Duk yankin ragowar wani ƙaton dutse ne mai aman wuta da ya yi zamaninsa kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, ruwa ya yi ta zaizayar gefensa na arewa har ya bar wannan katanga. Hanyarmu bakin katangar take bi. Kwana uku cur rami yana hannunmu na hagu.

A nan muka fara haɗuwa da jelada, wani irin gwaggon biri mai gashi har kafaɗa da jan tabo a ƙirji. Sun fi ɗari a garke ɗaya, suna zaune a kan ɗuwawunsu suna tsinkar ciyawa da yatsu suna kaiwa baki, don ciyawa ce abincinsu. Na zauna a tsakiyarsu ba wanda ya kula ni. Da rana ta yi sanyi sai suka nufi gaɓar nan, suka dinga zurarewa ɗaya bayan ɗaya, a jikin bangon suke kwana inda damisa da kura ba za su iske su ba.

A Sankaber muka yada zango na farko, mita 3,250. Rana na faɗuwa sanyi ya sauko lokaci guda, irin wanda jaurar Disamba ba ta kama ƙafarsa ba. Na yi alwala da ruwan da ya sa yatsuna suka daina ji, na shimfiɗa darduma, na fuskanci gabas yadda na saba tun ina yaro. Abokina ya dafa ni ya ce, "Malam, juya." Daga Simiyan Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Mu da bakinmu ya saba cewa a kalli gabas idan ana nufin alƙibla, ga ni na ba gabas kafaɗar dama, na fuskanci ramin nan da duhu ya cika. Ban taɓa jin nisan gida kamar a wannan sallar ba. Daga ranar ƙasaru muka riƙa yi, muna haɗa azahar da la'asar a duk inda muka sami wuri shimfiɗaɗɗe.

Mai dafa abinci ya ce gobe za a tashi ƙarfe biyu. Na yi zaton biyun dare yake nufi, sai abokina ya fahimtar da ni cewa Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, biyunsu takwas ɗinmu ne na safe.

Rana ta biyu ta kai mu inda kogin Jinbar ke faɗawa wani rami mai zurfin kusan mita 500, siririn ruwa fari yana ɓacewa cikin duhu kafin ido ya ga inda ya sauka. Bayan nan hawa ne har Gich, mita 3,600, kuma a wannan hawan ciwon kai ya kama ni. A irin wannan tsawo iskar ba ta ƙosar da huhu, taku ashirin sai haki. Ko shayi ba ya yin zafin da aka sani, domin ruwa yana tafasa tun bai kai zafinsa na ƙasa ba. Baba ya lura da ni, ya dawo gabana ya rage sauri, yana cewa "kes be kes", wato sannu-sannu, ya tilasta mini bin sawunsa. Kafin magariba ciwon ya lafa.

Kusa da zangon akwai kufai. Gonaki ne da aka daina nomawa, da da'irorin duwatsu inda bukkoki suka taɓa tsayawa. An kafa gandun a 1969, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1978, sannan a 1996 ta ce yana cikin haɗari, saboda namun dajin suna ƙarewa, noma da kiwo kuma suna cinye wurin. A 2016 aka kwashe mutanen ƙauyen Gich aka mai da su Debark, shekara guda bayan nan aka cire gandun daga jerin masu haɗari. Na ga ciyawa ta dawo da kyau, wannan gaskiya ne. Amma ni jikan manomi ne, na san abin da ake nufi da a raba mutum da gonar ubansa a kai shi gari, ko nawa aka biya shi. Na daɗe a tsaye a bakin wani murhu da ciyawa ta rufe.

Idan za a ce in zaɓi rana ɗaya daga cikin shidan, ta uku zan ɗauka. Mun fito raɓa ta daskare a jikin tanti, tana karyewa kamar gilashi. Bishiyoyi sun ƙare, sai wani tsiro da ake kira lobeliya, mai kama da gajeren giginya, a warwatse cikin fili kamar mutane a tsaye. Hanya ta yi ta tsukewa har ta zama wani siririn wuya na dutse da ke kaiwa Imet Gogo, mita 3,926, wani hanci da ya yi tsini cikin sarari, rami ta gaba, rami ta dama, rami ta hagu. A tsakiyar wuyan nan ƙafafuna suka ƙi. Jiri ya ɗebe ni, na tsuguna na riƙe dutse da hannu biyu, ina ta maimaita hasbunallahu. Baba ya dawo ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Ayzoh", kalmar da suke ƙarfafa wa mutum zuciya da ita. Ya nuna idonsa, ya nuna ƙafata. Ya miƙe ya yi taku uku yana kallon ƙasa, ya tsaya cak, sannan ya ɗaga kai ya dubi nesa. Na gane: in kana tafiya ka kalli inda za ka taka, in kallo kake so ka tsaya tukuna. Da haka na ƙarasa.

Abin da na gani a can ba shi da na biyu a duk tafiyar. Wata babbar ungulu mai gemu, wadda ke ɗaukar ƙashi ta sako shi a kan dutse ya fashe ta ci ɓargo, tana shawagi a ƙarƙashinmu, muna kallon bayanta. Gajimare ma a ƙasa yake. Daga nan kana iya bin katangar da ido, ka ga inda ka kwana shekaranjiya, ka ga inda za ka kwana yau, duk a layi ɗaya. Muka gangara wani kwari muka sake hawa Inatye, mita 4,070, sannan muka bi gaɓa har Chennek. Da yamma wasu bunsuran dutse da ake kira waliya suka fito a jikin bango, ƙahonninsu sun lanƙwasa har baya. A faɗin duniya nan kaɗai ake samunsu, kuma sunansu ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Habasha take amsawa.

Akwai hanyar mota ta tsakuwa da ke ratsa gandun har Chennek da gaba. Na ga masu zuwa da jif su ɗauki hoto su koma Gondar a yini guda. Ban ga laifinsu ba, amma wanda bai taka wuyan Imet Gogo ba, labarin Simiyan kawai ya ji.

Rana ta huɗu ce ta nuna mini bambancin hawan dutse da bin doron duwatsu. Da hantsi muka kai mashigar Buwahit, kusan mita 4,200. Ga Ras Dashen, dutsen da muka nufa, can gabas, kusan daidai da idonmu, kamar ka miƙa hannu. Amma tsakaninmu da shi akwai kwarin kogin Mesheha, kuma babu wata hanya sai ta cikinsa. Duk tsawon da muka tara cikin kwana uku da haki da ciwon kai, a wuni ɗaya muka zubar da shi, gangara ta kusan mita 1,400 a kan tsakuwa mai zamewa. Ashe gangara ta fi hawa cin jiki. Gwiwoyi suna rawa, yatsun ƙafa suna dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Muka tuɓe rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya, ƙudaje suka dawo, zafi ya dawo. Muka ratsa ƙauyen Chiro Leba ana girbin sha'ir, shanu suna zagaye suna tattake dami a masussuka, mata suna sheƙa. Wannan hanyar da muka biya kuɗi don mu bi, ita ce hanyar kasuwarsu da makarantar 'ya'yansu. Wata tsohuwa da ɗaurin itace a baya ta ba mu soyayyen sha'ir da suke kira kolo, cikin tafin hannu, ta wuce mu.

A bakin kogin abokina ya cire takalmi ya tsoma ƙafafunsa da suka yi bororo. Ya ɗaga kai ya dubi abin da ke gabanmu, ya ce, "Malam, ni fa a nan zan tsaya." Ban ba shi baki ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Muka yi salla, muka ci injera, gurasar Habashawa, da shiro, miyar garin wake da ta zama abincinmu tun Debark, tunda a Habasha yankan Musulmi daban na Kirista daban, mai dafa mana abinci kuwa ya ga barin naman ya fi sauƙi ga kowa. Bayan sa'a guda abokina ya ɗaure ƙafarsa da tsumma, ya mai da takalmi bai ce komai ba. Muka hau zuwa Ambiko, mita 3,200.

Tun kafin asuba muka fito da tocila. Hawan Ras Dashen doguwar wahala ce marar ado: tudu bayan tudu, iska mai yankan kunne, ƙanƙara a cikin inuwar duwatsu. A ƙarshe akwai bango da sai an sa hannu an kama dutse ana jan jiki. Muka kai ƙololuwa wajen ƙarfe goma, mita 4,550 kamar yadda aka fi rubutawa, babu inda ya fi nan tsawo a duk Habasha. Mutanen wurin Ras Dejen suke ce masa. Na yi hamdala, na yi wa iyayena addu'a. Amma kallon da ke can bai kai na Imet Gogo ba, tuddai ne masu faɗi ruwan ƙasa ta ko'ina. Abin da ya riƙe idona shi ne yamma: ga Buwahit, ga layin katangar da muka biyo yana komawa baya har ya shige hazo, ga kuma kwarin Mesheha a buɗe yana jiranmu, domin ta nan za mu koma.

Washegari muka sake gangarawa kogin, muka hau zuwa Chiro Leba inda mota ke jiranmu. A Debark Baba ya sauka a bakin kasuwa. Na ba shi safar hannuna da rigar sanyin da na saya a Addis Ababa, ya karɓa da hannu biyu, ya buga kafaɗarsa da tawa sau uku yadda suke gaisawa. Farcen babban yatsana na dama kuwa sai da na koma Kano da wata biyu ya fita.