Darussa Daga Aikin Faɗaɗa Ƙafafun Babur Mai Taya Huɗu

Abin da ke kifar da babur mai taya huɗu, wanda ake kira ATV, a kwana shi ne nauyinsa yana sama, ƙafafunsa kuma a matse. Don haka ake buɗa tazarar tayoyin. Sai dai kada a sa ran abin al'ajabi: idan tazarar tsakiyar taya zuwa tsakiyar taya inci 36 ce, aka ƙara inci ɗaya a kowane gefe, juriyar kifewa ta ƙaru da kusan kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ne kawai. Ana jin bambancin, amma gudu a kwana bai zama lafiya ba.

Darasi mafi girma shi ne, wurin da aka ƙara faɗin ya fi yawansa muhimmanci. Hanya mafi sauƙi ita ce sifesa, faifan alminiyam da ake sakawa tsakanin wili da mazauninsa. A tayoyin baya ba ta cika ba da matsala ba. A tayoyin gaba kuwa, tana tura taya nesa da inda take juyawa, sai duk dutsen da tayar ta daka ya fizge sitiyari a hannun matuƙi. Boris da bol-join (mahaɗin da taya ke karkata a kansa) da tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) su ma suna ɗaukar nauyin da ba a ƙera su dominsa ba, sai su ci da wuri. A ganina, sifesar da ta wuce inci ɗaya da rabi a gaba ba ta cancanci wahalarta ba. Wili mai fitowa waje ma illarsa ɗaya ce da ta sifesa.

Gyaran gaba na ƙwarai shi ne sauya hannayen da ke riƙe da taya da masu tsawo, ƙarin inci 2 ko 3. Amma ba su zuwa su kaɗai. Dole a samo tayarod da tiyon birki masu tsawo, idan kuma babur ɗin yana ja da tayoyi huɗu, har da shaf, wato sandar da ke juya taya. Abin da aka fi mantawa shi ne shokazoba: dogon hannu yana danne ta da ƙarfi fiye da da, sai gaba ya sauka, ya riƙa dukan ƙasa a rami. Sai an ƙara mata tauri ko an sauya sifirin. Daga nan a sake saita fuskar tayoyin.

Kada a faɗaɗa baya kaɗai. Idan baya ya fi gaba faɗi sosai, in an karya kwana babur yana neman miƙewa. Gaba ya yi daidai da baya, ko ya ɗan fi shi.

Wajen ɗauri, a fara da duba tsarin ramukan noti, wato yawan ramuka da faɗin da'irarsu a milimita, don ba ɗaya ba ne: Polaris galibi 4/156, Can-Am 4/137, yawancin Honda na aiki 4/110. A goge mazaunin wili tas, domin ƙwayar yashi ɗaya tana sa taya rawa. A tabbata tsofaffin kusoshi ba su leƙo ta fuskar sifesa ba, in ba haka ba wili ba zai kwanta ba. A ɗaure noti a gicciye da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da littafin babur ya faɗa, a sake dubawa bayan fitar farko, har da notin ciki da wili ya rufe.

A auna faɗin babur ɗin gaba ɗaya kafin a sayi komai. Hanyoyin daji da yawa a Amurka inci 50 ne iyakarsu, tirelar ɗaukar babur ɗin ma tana da nata faɗin.