Keken lantarkin da zai jure zafin Sakkwato

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa suka fara tambayar keken lantarki, kuma tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: nawa yake gudu? Wanda ya daɗe yana hawa ba daga nan yake farawa ba. Gudun kilomita 25 zuwa 30 a awa ya ishi mai zirga-zirga tsakanin Mabera, Arkilla da babbar kasuwa. Abin da ke raba keke mai kyau da na banza a garin nan shi ne yadda batirinsa ke jure zafi, da kuma ko mai gyaran unguwa zai iya taɓa shi in ya lalace.

A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, V da Ah. Ka ninka ɗaya da ɗayar, ka samu yawan wutar da yake ɗauka, wanda ake rubutawa da Wh. Batir mai 48V da 12Ah yana ɗaukar 576Wh, mai 36V da 10Ah kuma 360Wh. In totur kaɗai kake murɗawa ba ka taka feda, kowace kilomita za ta ci wajen 20Wh, wato babban batirin zai kai ka kilomita 25 ko ɗan sama da haka. In kana taimaka masa da feda, cin zai sauko zuwa 10 ko 12, tafiyar ta kusa ninkuwa. Nisan da ake bugawa a kwali galibi an gwada shi ne da mutum marar nauyi a kan kwalta mai santsi, ba iska ba kaya. Ɗalibin da zai je mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo daga cikin gari ya auna tafiyarsa zuwa da dawowa, ya ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai, domin batir ƙarfinsa raguwa yake yi da tsufa.

Batirin dalma, irin guda huɗun nan masu 12V da ake jerawa, ya fi araha, amma nauyinsa ya kai kilo 15 ko fiye, kuma bayan caji ɗari uku ko makamancin haka sai ya fara gazawa. Zafi ma yana saurin cinye shi. Na litiyam mai ɗaukar wuta daidai da shi kilo uku zuwa huɗu ne. A cikin na litiyam ɗin, wanda aka rubuta wa LiFePO4 ya fi sauran jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, yana kuma kai caji dubu biyu, sai dai ya ɗan fi nauyi da tsada. A ganina, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura maki 40, ya cancanci ƙarin kuɗin.

Batirin litiyam ba a yi masa caji in zafinsa ya wuce maki 45. Baƙin akwati da ya wuni a rana kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa batirin da ake buɗewa da makulli a zare ya fi wanda aka binne cikin ƙarfen keke. Ka zare shi, ka shigar inuwa, ya huce na rabin awa ko awa ɗaya, sannan ka jona, a kan siminti, ba a kan katifa ko tabarma ba, kuma ba a bakin ƙofar ɗakin kwana ba. Batiri mai kyau yana da ɗan allo a ciki, BMS, wanda ke yanke wuta in caji ya cika ko zafi ya yi yawa. Ka tambayi mai sayarwa. In ya fara kame-kame, ka wuce.

Caja ma abin dubawa ce. Ta batirin litiyam na gama-gari mai 48V tana fitar da 54.6V, ta mai 36V kuma 42V, kuma an rubuta a bayanta. Cajar batirin dalma ta fi haka ƙarfi, kuma bakinsu kan zo ɗaya, don haka aron caja wurin maƙwabci ya kashe batura da yawa. Lambar A da ke jikin caja ita ke nuna saurin cajinta: mai 2A tana buƙatar wajen awa shida ta cika 12Ah. Da irin wutar da ake kawowa ana ɗaukewa, mai 3A ta fi, in batirin ya yarda da ita. Cikon caji ɗaya bai kai yunit ɗaya na mita ba, kuma ƙaramin sola mai infata yana iya ɗauka.

Inji ba ya buƙatar dogon bayani. Sakkwato ba garin tsaunuka ba ne, 350W zuwa 500W a tayar baya ya wadatar har da ɗan kaya a kariya. Abin da ke ƙona shi shi ne murɗa totur har ƙarshe alhali tayar ta nutse a rairayi tana juyi da ƙyar: wuta na shiga, motsi babu, sai ta koma zafi. A irin wannan wuri ka taka feda ko ka sauka ka tura.

Taya kuwa a nan ake shan wahala. Tsidau da ƙayar bagaruwa ba sa raga wa siririyar taya, kuma faci a tayar baya ba kamar na keken gargajiya ba ne, saboda wayar inji ta cikin aksil take fitowa. Duba ko wayar tana da mahaɗa kusa da tayar da za a zare. In babu, mai faci zai ja tayar da wayar a jiki, wata rana ta tsinke daga ciki. Taya mai inci 26 da faɗin inci biyu ko sama ita ce ake samun irinta da tib ɗinta cikin sauƙi. Ƙattin tayoyin nan masu faɗin inci huɗu suna tafiya da kyau a rairayi, suna da kyan gani, amma suna cin batir, kuma ranar da tib ya yage sai ka jira a kawo daga wani gari. Ka matsa sifok ɗin tayar baya biyu-biyu da yatsa. Su kasance masu kauri, a ɗaure tamau, domin nauyin inji da na mahayi duk a kansu yake, kuma in ɗaya ya tsinke sauran bi suke yi.

Keken da ya kai kilo 25 zuwa 30 yana gudun kilomita 30 ba ya saurin tsayawa da birkin roba mai matse rim. A nemi birkin faifai gaba da baya, mai faɗin milimita 160 ko 180, wanda kuma ke yanke wutar inji da zarar an matse shi. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaga tayar baya, murɗa totur, taɓa birki. In injin bai ɗauke nan take ba, akwai matsala.

Ƙurar hunturu tana shiga totur da mahaɗun wayoyi, keke ya riƙa yankewa yana dawowa, mutum ya zaci batir ne ya mutu. Mahaɗu masu zagaye da ke shiga juna da roba sun fi fararen nan na fili. Da damina kuma, yayyafi ba ya cutar da keken kirki, amma ruwan da ya kwanta a titi har ya kai tsakiyar taya zai shiga inji ta wurin boris. Wanki da tsumma mai laima ake yi, a cire batir tukuna, kada a kai shi wurin masu wankin mota da injin feshi.